Sojan da Yaƙi Ya Kulle a Ɗaki: Yadda Ake Neman a Sake Duba Haƙƙinsa na Nakasa

Takardun koke da iyalan 'yan mazan jiya ke rubutawa daga Karaye da Rogo kusan duk kamarsu ɗaya. Suna buɗewa da doguwar gaisuwa da addu'a ga shugabanni, su lissafa mata da 'ya'ya, su kawo tsadar masara da kuɗin makaranta, sannan su rufe da "a taimaka mana don Allah." Babu ƙarya a ciki ko ɗaya, amma jami'in da takardar za ta faɗa hannunsa ba shi da ikon fitar da kuɗin gwamnati don ya ji tausayi. Abin da fayil ya tabbatar kawai yake iya sa wa hannu. Mu da muke taya mutane irin wannan rubutu mun ga kuskuren yana ta maimaituwa, shi ya sa wannan jagora. Magana ɗaya ce take ɗauke da ita: neman a sake duba hukunci amsa ce ga dalilin da aka bayar na hanawa, kuma amsar tana tsayawa ne a kan abu uku, wato sunan ciwo daga bakin likita, alaƙar ciwon da aikin soja, da kuma abin da ciwon ya hana mutum yi a rayuwarsa ta kullum.

Wanda nakiya ta cinye wa ƙafa, da ganinsa an gama magana. Wanda ya je Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990, ko Saliyo, ko Darfur, ko ya yi shekaru a Borno tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, yana iya dawowa jikinsa lafiya lau, amma barci ya gagare shi, ƙarar fashewar taya ta kwantar da shi ƙasa, taron jama'a ya zame masa abin tsoro, har ta kai ko zaure ba ya iya fitowa. Likitoci sun sa wa wannan ciwo suna a hukumance tun 1980, bayan abin da aka gani a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam, ana taƙaita sunan da PTSD. Ba shi kaɗai ba ne, akwai matsananciyar damuwa da sauran ciwukan da kan tsare mutum a gida. A Amurka akwai wani ƙarin kuɗi na musamman ga tsohon sojan da ciwo ya kulle a gida, kuma wasu samarinmu kan gani a intanet su kwafo sunansa da tsarinsa su cusa a takardar koke. Wannan ɓata tawada ne, dokar wata ƙasa ba ta ɗaure jami'in Najeriya. Abin da ke gabanmu a nan shi ne haƙƙin nakasa a ƙarƙashin Dokar Fanshon Sojoji, wanda kwamitin likitocin soja ke auna girmansa, Hukumar Fanshon Soja da ke Dutse-Alhaji a Abuja ta biya, sai kuma kulawar asibiti ta hannun DHML, kamfanin inshorar lafiyar sojoji. Sojoji sun fita daga tsarin fanshon adashin gata tun 2011, don haka zuwa ofishin kamfanin fansho na farar hula asarar kuɗin mota ne.

Kafin a ɗauki alƙalami, a tara waɗannan a jaka ɗaya: takardar sallama daga aiki, lambar soja da muƙamin ƙarshe da sunayen bataliyoyin da ya zauna, takardar da aka hana haƙƙin da ita, sakamakon kwamitin likitoci idan an taɓa zama a kansa, katunan asibiti duka, na bariki da na gari, har da takardun sayen magani da suka yi datti, katin ɗan ƙasa da bayanan banki, takardar da ta nuna wanda ya rubuta a matsayin magajinsa, hotunan bakin daga da lambobin yabo, littafin rubutu sabo mai bango mai ƙarfi. A yi wa kowace takarda kwafi uku. Ta asali ba ta barin gida sai ranar da aka ce a zo da ita, kuma a hannunku za ta dawo. A duba sunaye tun yanzu: idan sallama ta ce Mohammed, katin ɗan ƙasa ya ce Muhammadu, banki ya ce Mamman, sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, in ba haka ba wannan ɗan saɓani ya isa ya kwantar da fayil.

Mataki na 1: A san dalilin hanawa, a rubuce

Yawancin iyalai da baki aka gaya musu, wani a waya ma, cewa "bai cancanta ba." Ba a iya ƙalubalantar maganar baki, don gobe mai ita zai ce bai faɗa ba. A rubuta gajeriyar wasiƙa ana neman hukuncin da dalilinsa da kwafin rahoton likitocin da aka dogara da shi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana 7 su amsa irin wannan buƙata, kuma ko da sun yi jinkiri, ambaton dokar yana nuna cewa mai rubutun ya san abin da yake yi. Dalilin ba ya cika wuce ɗaya daga cikin huɗu: babu sunan ciwo a fayil, ko an ce ciwon bai samo asali daga aiki ba, ko an yarda da ciwon amma an ce bai kai nakasa ba, ko kuma yadda ya bar aiki ne matsalar. Na huɗun nan a kula da shi sosai. Sojoji da yawa ciwon ne ya sa suka baro bakin daga ba izini, aka rubuta su a matsayin waɗanda suka gudu, aka kore su. Wanda takardarsa ta ce kora, maganarsa ta farko ita ce rundunar ta sake duba korar bisa hujjar rashin lafiya. Idan ya fara da neman kuɗi, amsar da zai samu layi ɗaya ce.

Mataki na 2: Likitan ƙwaƙwalwa, da rahoto mai magana

Babban asibitin Karaye ko na Rogo wurin farawa ne, a karɓi takardar turawa. Rahoton da zai yi nauyi a gaban kwamiti na ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ne a asibitin gwamnati: Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Ƙwararru na Sojoji da ke Kano. Mutumin Rogo da yake bakin iyakar Kaduna yana iya ganin asibitin Shika ko na Barnawa sun fi masa sauƙi, a Kaduna kuma akwai asibitin soja na 44. A zaɓi wuri ɗaya a riƙe. Zuwa ɗaya ba ya gina fayil. Ganin likita wata bayan wata, da magani da aka rubuta aka sha, shi ke nuna cewa ciwo ya daɗe kuma an yi ƙoƙari bai tafi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne karɓar takarda mai layi biyu da ke cewa wane majiyyacinmu ne, a taimaka masa. A roƙi likita cikin ladabi ya faɗi sunan ciwon, da lokacin da ya fara bisa tarihin da ya ɗauka, da magungunan da aka gwada, da ra'ayinsa kan alaƙar ciwon da abin da mutumin ya gani a bakin aiki, da ko zai iya neman abinci ko fita shi kaɗai.

A nan ne iyali kan ja baya. Wani zai ce idan aka kai Baba Dawanau, gari zai ɗauka mahaukaci ne, gobe a fasa auren ƙannenmu. Tsoron ba na banza ba ne, kowa ya san bakin mutane. Sai dai a duba da kyau: maƙwabta sun riga sun san Malam bai fito ba shekara biyu, abin da ya rage a ɓoye wa shi ne ofishin da zai biya. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sirrin majiyyaci da kare shi daga wariya, kuma rahoton a ambulan yake tafiya, ba a kasuwa ake karanta shi ba. Wani kuma zai ce aikin aljanu ne ko sammu, ruƙiyya ake yi masa. Babu wanda ya ce a bar addu'a. Amma malamin ruƙiyya ba shi da hatimin da kwamitin likitoci ya sani, kuma shekarun da aka yi ana yawon magani ba tare da katin asibiti ba, a idon fayil shekaru ne na lafiya. Abin da ba a yarda da shi ba sam shi ne ɗaure mutum da mari ko kai shi inda ake duka, wannan ƙara ciwon yake yi.

Gargaɗi guda ya fi duk takardun nan. Idan ya fara maganar ya gaji da duniya, ko yana rabon kayansa, a ajiye fayil a kai shi asibiti a ranar. A ɗauke maganin feshi da fiya-fiya da igiya da duk wani makami daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai.

Mataki na 3: A ɗaura ciwon da aikin

A jera shekaru a shafi ɗaya: ranar shiga soja, inda aka kai shi da lokacin, abin da ya faru, lokacin da aka fara ganin sauyi, ranar sallama. Soja ba ya shiga aiki sai an yi masa gwajin lafiya, don haka shigarsa kanta hujja ce cewa rundunar ta karɓe shi lafiyayye. Bayanan aikinsa suna ofishin adana bayanan sojojin ƙasa a Lakwaja, a nemi a haɗa su da fayil. Sannan a nemi abokan aiki biyu da suka zauna bataliya ɗaya, su rubuta abin da suka gani da idonsu, su sa lambar sojansu da hannu. Reshen Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya na jiha hanya ce ta nemo su. Shaidar da ta ce "an yi mana kwanton ɓauna a wuri kaza, shi ya kwaso gawarwakin mutanenmu, daga nan ya daina barci" ta fi shafi goma na yabon jarumta.

Za a iya cewa ai lafiya ya bar aiki, sai bayan shekaru ciwon ya fito. Likitoci sun san wannan ciwo yana iya jinkirin bayyana, sau da yawa sai an bar bariki, an rasa abokai da tsarin da ke riƙe mutum. Likita ne zai faɗi haka a rahotonsa, ba ɗan mai ƙara ba. Za kuma a iya cewa wiwi ko tiramadol ne suka taɓa shi. Kada a ɓoye shaye-shaye idan akwai, gwaji zai tona, daga nan duk sauran maganarku ta zama abar shakka. A nuna wanne ya riga wanne. Mutumin da bai san ƙwaya ba sai bayan dawowa daga daji, yana neman abin da zai sa shi barci, shansa alama ce ta ciwon, kuma matarsa da abokan ƙuruciyarsa za su iya shaida.

Mataki na 4: A mayar da zaman gida ya zama hujja

Nan ne yawancin koke ke faɗuwa, nan ne kuma iyali suka fi kowa ƙarfi. Likita yana ganin majiyyaci minti ashirin, a ranar da aka yi masa wanka aka sa masa riga mai kyau aka rako shi. Uwargida ce ke ganin sauran kwanakin wata. Abin da ta sani yana cikinta, fayil kuwa bai san komai ba sai an rubuta. A ba ta littafin nan, ko ɗan da ke kwana kusa da shi, da boko ko da ajami, a riƙa rubutawa kullum har wata biyu ko uku: kwanan wata, ya yi barci ko bai yi ba, ya ci abinci da kansa ko sai da aka lallashe shi, ya yi wanka, ya fita, ina ya je, wa ya raka shi, me ya faru. A rubuta abu yadda ya auku, ba da kalmomin kuka ba. "Yana shan wahala sosai" ba a iya auna ta. "Ranar hawan sallah da 'yan bindigar sarki suka yi harbi ya shige ƙarƙashin gado har magariba" ana iya aunawa. Haka nan "daminar bana bai taka gona ba daga shuka har girbi, ƙaninsa ya noma," ko "ya bar fadamarsa ta gefen dam ɗin Challawa an ba da haya," ko "bai halarci jana'izar yayarsa ba alhali gida uku ne tsakani." Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san mutum ba ya ƙin jana'izar 'yar'uwarsa da gangan.

A rubuta ranakun sauƙi ma. Littafin da kowane shafinsa bala'i ne yana kama da shiri, mai karatu kuma ba yaro ba ne. A nan wani zai ce, to ai yakan je Juma'a wani lokaci, an kuma kawo shi asibiti har Kano, ta yaya za a ce ya kulle a gida? Tambayar da ta dace ita ce yaya yake fitar, me kuma fitar ke jawo masa. Wanda sai an riƙe hannunsa, ya tsaya a sahun ƙarshe bayansa jikin bango, ya fice kafin a shafa addu'a, ya kwana biyu bai dawo daidai ba, ba a haɗa shi da mai zuwa kasuwar Rogo ya yi ciniki ya dawo. Ko a Amurka, inda aka fi tsaurara ma'anar zaman gida, fita don ganin likita ba ta soke haƙƙin. Don haka a faɗi fitar da yadda take, kada a bari wani ya gano ta daga baya.

Bayan littafin, a samu shaidar mutanen da ba su da rabo a kuɗin: mai unguwa, limamin masallacin unguwa, dagaci. Su faɗi tun yaushe suka san shi, yadda yake a da, yadda yake yanzu. Wasiƙar hakimi ko ta masarautar Karaye tana ƙara kwarjini, amma idan abin da ta ƙunsa shi ne "ɗanmu ne, a duba shi," darajarta ta tsaya a hatimi. A kai wa likita littafin ya karanta kafin ya rubuta rahoto, don a nan ne abin da uwargida ta gani ke shiga harshen da kwamiti ke ji.

Mataki na 5: Takardar kanta, da inda za ta

Shafi biyu sun isa, da Turanci, tunda da shi ofis ke aiki. Suna da lamba da muƙami a sama, sai hukuncin da ake ƙalubalanta da kwanan watansa, sai dalilin da aka bayar, sai amsarsa ɗaya bayan ɗaya, kowace amsa tana nuni ga takardar da aka liƙa mai lamba. A ƙarshe a faɗi abin da ake so ƙarara: a sake zaman kwamitin likitoci wanda akwai likitan ƙwaƙwalwa a ciki, a gyara matakin nakasa, a biya bashin baya. Ban da zagi, ban da barazanar zuwa rediyo. A kuma bambance ofisoshi. Hukumar fansho da takardun da runduna ta aiko take lissafi, saboda haka idan matsalar ta hukuncin likitoci ce ko ta yanayin sallama, hedikwatar rundunar da ya yi wa aiki ake rubuta wa, a ba hukumar kwafi. Idan ta lissafi ce ko tsayar da biya, shugaban hukumar ake rubuta wa. Idan asibiti ne ya ƙi ba da magani, DHML. Shi mai haƙƙin ya sa hannu ko ya dangwala. In ba zai iya ba, wanda ya sa a madadinsa ya haɗa da takardar rantsuwa da bayanin likita. A miƙa hannu da hannu a sa a buga hatimin karɓa a kwafinku, ko a aika ta kamfanin da ke ba da rasit.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, a Najeriya sai da hanya. Gaskiya ne sanin mutum kan sa a ɗauko fayil daga ƙasan tari. Amma wanda ka sani ba zai iya sa hannu a fayil da babu komai cikinsa ba, mai binciken kuɗi yana bayansa. Shi kuwa mai kiran waya ya ce shi jami'in fansho ne, a turo wani abu ko a karanto lambar da banki ya aiko, ɓarawo ne, a kashe wayar.

Mataki na 6: Ranar kwamiti

Kada a dakatar da magani don ya bayyana a rikice. Yin haka na iya tayar da ciwon ya wuce inda yake, likitoci kuma suna ganewa. Kada a koya masa abin da zai faɗa. Haɗarin da ya fi yawa ma akasin wannan ne: soja an horar da shi kada ya nuna rauni, yana ganin hafsa zai ƙame ya ce lafiya lau, ranka ya daɗe. A gaya masa tun a gida cewa faɗin gaskiyar halinsa ba ragwanci ba ne, a kuma nemi izini mai kula da shi ya shiga ya yi bayani. Daga Karaye a biyo hanyar Gwarzo tun jajibiri a kwana a gidan dangi, don tashar mota da cunkoson safe kaɗai sun isa su birkita shi, wucewa ta gaban barikin Janguza ma wani kan tayar masa da abin da ya kwanta. Idan tafiyar ba za ta yiwu ba, a rubuta tun da wuri tare da shaidar likita a nemi wani tsari. Haka ake yi lokacin tantance 'yan fansho, rashin bayyana ba bayani kan sa a tsayar da ɗan abin da ake samu.

Mataki na 7: Idan an yi shiru, ko an sake hanawa

Bayan wata ɗaya a aika tunatarwa mai ɗauke da lamba da kwanan watan ta farko. Mutane kan garzaya Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, amma dokar da ta kafa ta ta taƙaita ikonta kan abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin Dokar Sojoji, ta kuma sa iyakar wata 12, don haka tana iya cewa ba huruminta ba ne. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a duk suna da ofis a Kano, ana iya fara neman shawara a can. Kotun da tsarin mulki ya ba hurumin fansho ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Kano, sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 kuma ya kare haƙƙin fanshon ma'aikacin tarayya. Abu biyu ke kayar da ƙara kafin a ji ta. Na ɗaya, rashin bin hanyar koke ta cikin gida da Dokar Sojoji ta shimfiɗa, kwafinku masu hatimi su ne shaidar kun bi. Na biyu, lokaci: akwai dokar kare jami'an gwamnati mai iyakar wata 3, kotuna sun yi hukunce-hukunce mabambanta kan ko tana aiki a shari'ar aiki da fansho, lauyan gwamnati kuma da ita zai fara. Saboda haka ranar da takardar hanawa ta biyu ta iso, a rubuta kwanan watan a bayan ambulan, a nuna wa lauya cikin makon, tare da littafin uwargida da rahoton likita na baya-bayan nan.